Kawu da Baƙin Dutsen Nsuta

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a koma, sai dai Kawu ya riga mu. Ya cika ranar wata Talata da hantsi a ɗakinsa na Nima bayan doguwar jinya, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Yayan mahaifiyata ne, amma ni ban san wani uba ba sai shi.

Kafin masu kai gawa su dawo, lungunmu ya riga ya toshe. An kafa rumfuna tun daga bakin babbar kwata har ƙofar gida, aka jera kujerun roba, mai kokon bakin lungu ta kwashe teburinta ta ba da wuri ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Mutane suka yi ta sauka daga motocin haya da muke kira trotro, na unguwar Madina, na Sabon Zongo, har da wasu mata masu dako daga Old Fadama waɗanda Kawu ya taɓa buɗe wa baranda suka zauna a shekarar da ruwa ya cinye ɗakinsu. Maƙwabciyarmu 'yar Asante ta shigo da baƙin zaninta, ta kama hannun Mma, matar Kawu, tana ta faɗin "due, due," wato sannu da haƙuri a bakinsu. Ta yi kuka har ta fi mu 'yan gida, sai da Mma ta koma tana ba ta baki.

Washegari wasu tsofaffi 'yan tsiraru suka iso, ragowar waɗanda suka yi aikin haƙar manganis tare da shi a Nsuta, can yamma kusa da Tarkwa. Bayan an shafa addu'a, ɗayansu ya tambaya ko baƙin dutsen da Kawu ya taho da shi daga can yana nan. Aka ɗauko musu. Suka riƙa miƙa wa juna, kowa ya auna shi a tafin hannu ya gyaɗa kai. Na ƙarshensu ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ce irin wannan ya yi wuya a tsaunin yanzu, mai toka-tokan da ke ƙasa ake tonowa. Ya cire hularsa ya share ido da ita.

Duk wannan mun gode, Allah ya ba kowa ladan zumunci. Amma akwai abin da kunnena ya jiyo a bayan gida, inda muke dafa shinkafar baƙi, kuma shi ya zaunar da ni rubuta wannan. Wata ta sunkuya ta tambayi ta kusa da ita yadda aka ƙare da zancen sallolin nan. Waccan ta ce ita dai ta ji an ce matar ce ta ɓata masa sallar shekaru. Ludayi yana hannuna, wallahi, kuma duk Nima an san magana ba ta kwana a cikina. Albarkacin ranar ne kawai ya sa na haɗiye. To yanzu ranar ta wuce, kuma a gabana aka yi komai.

Maganar a taƙaice ita ce, Kawu ya yi shekaru yana taimama a kan wani dutse, daga baya aka ce a kan irinsa ba a yi, kuma Mma ce ta fara miƙa masa shi. Abin ya kusa kai ta ƙasa kafin shi. Sai dai ba za a gane yadda aka yi ba sai an san Kawu, shi kuwa Kawu ba a saninsa sai an san dutsen.

Tun yana saurayi ya gangaro daga arewa neman abin yi, ya faɗa Nsuta, ya yi rabin rayuwarsa a can. Aikinsa tsince ne. Yana tsayawa inda ake wanke abin da aka haƙo, yana ware mai kyau daga tarkace. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya tattaro ya dawo Nima, ya kafa ɗan tebur a bakin titi yana sayar da tocila da batir da ƙwan fitila. Ya kan ce abin da ya taho da shi daga can bai wuce akwatin ƙarfe da Mma da dutse ba, Mma kuma ta ce ya gyara lissafin, don ta san dutsen ne a gaba.

Girmansa kamar a haɗa dunƙulen hannu biyu. Baƙi ne mai ratsin toka, gefe ɗaya duk ƙuraje da ƙananan ramuka, ɗaya gefen a shafe yana ɗan sheƙi kamar gindin tsohuwar tukunyar ƙarfe. Abin da ke ba mutum mamaki nauyinsa ne, don ya kusa ninka na dutsen hanya mai girmansa. Baƙo ba ya shiga ɗakin Kawu ya fita bai riƙe shi ba. "Ɗaga ka ji," haka yake cewa, sannan ya zuba wa fuskar mutum ido yana jiran hannun ya yi ƙasa. In ya ga haka sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya gyara zama, mu kuma 'yan gida mu fara sulalewa, don mun san karatu ya tashi.

A cewarsa tsaunukan Nsuta cike suke da baƙin dutsen manganis iri-iri. Yawancinsa a jirgin ƙasa ake lodawa zuwa Takoradi, a tsallaka teku da shi, a narka cikin ƙarfe don ƙarfen ya yi ƙwari. Amma a ciki akwai wani da ba a cika samu ba, wanda ke zaune ta saman tsauni, inda ruwan sama da iska suka yi zamani da zamani suna ratsa dutsen ƙasa har suka sauya shi. Wannan ba a ɓata shi a tukunyar ƙarfe, na batir ne. Masana suka auna shi suka ga bai yi daidai da waɗanda suka sani ba, sai suka raɗa masa sunan garin, suka ce nsutait. Daga baya an gan shi a wasu ƙasashe, Kawu ya kan lissafa Meksiko da Girka da Indiya kamar ya taɓa zuwa, amma duk inda aka tono shi sunan Nsuta yake amsawa. Wannan ya fi komai yi masa daɗi. Ya kan ƙara da cewa ko shi da ya tsufa a aikin, ido kaɗai ba ya isarsa ya rantse, don 'yan'uwan dutsen suna kama da juna. Wannan gudan sai da wani Bafante, ɗan yankin, mai aiki a ɗakin gwaji ya tabbatar masa, sannan aka bar masa shi ranar da ya ajiye aiki.

In baƙon ya nuna yana so, ya shiga uku. Kawu zai ɗauko kwalba ya karce ta da gefen dutsen ya nuna masa zanen. Zai goga shi a gindin fasasshen faranti ya bar baƙin layi. Zai fasa mataccen batir ya nuna baƙin garin da ke kewaye da sandar tsakiya, ya ce to ga inda tafiyar take ƙarewa, kuma kada wanda ya kai baki. In aka ɗauke wuta unguwa ta koma kan tocila, sai ka ji shi yana cewa ga Nsuta can tana haska Nima.

Wannan "ɗaga ka ji" ta bi shi ko'ina. Ba ya sayen doya sai ya jinjina ta, ba ya yi wa jariri addu'a sai ya auna shi a hannu, ba ya yarda da labari sai ya juya shi. Ni ma an taɓa ɗaga ni aka ji.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Da mahaifina ya rasu ina ƙarama, gidan Kawu aka kawo ni, shi ya kai ni makaranta, shi ya aurar da ni. Auren nan na fari, a Madina, ya zo ya yi tsami. Ba zan tona ba, mutumin yana raye kuma uban 'ya'yana ne. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, har mahaifiyata. Ana nan sai ga Kawu da rana tsaka, ya sauko daga trotro da tsohuwar lemarsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya kama tsintsiyar hannuna ya ɗaga, ya ɗan jinjina kamar yadda yake yi wa doya a kasuwa, sai na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Uwata, an rage ki. Ɗauko mayafinki."

Daga baya ya koma ya zauna da dangin mijin, aka rabu cikin mutunci ba zagi ba tonon asiri. Mma ta karɓe ni da yarana, ta yi ta ɗura mini tuwo da miyar ayoyo har na dawo mutum. Mutanen nan biyu ba zan iya biyansu ba, kuma ina so a san haka kafin a ji sauran.

Kada a ɗauka waliyyi nake zanawa. Kawu yana da taurin kai na innanaha, in ya kafe ko motar ɗaukar kaya ba ta jansa. Faɗa mafi girma da na gani tsakaninsa da Mma ma a kan dutsen ne. Ana shirin sunan ɗan yayana, kwallin da za a sa wa jariri ya ƙare, sai wata cikin matan ta hango dutsen a saman kabad ta ce ai ga dutsen kwalli nan ana ta nema. Mma ta sa guduma ta ɓalli ɗan gefe, ta hau niƙa. Kwalli na gaskiya laushi gare shi, da an danna yake rugujewa. Wannan kuwa ya ƙi, sai ma ya yi wa dutsen niƙanta rami. Ana cikin haka Kawu ya shigo. Kai, ranar mun ji murya! Ya ce so suke su makantar da ɗan mutane, ya ce ba kowane baƙin abu ake kai wa ido ba, ya kwashe dutsensa har da ɓallin. Ya yi kwanaki yana sayen wake da shinkafa a waje, Mma ta ce ba komai, dutsen ya dafa masa. Ranar da fushin ya sauka, sai muka ga sabon dutsen niƙa da ƙullin kwalli a ƙofar ɗakinta, ba wanda ya ce ga mai ajiyewa. Daga nan ta sa wa dutsen suna babban ɗa.

Shekaru suka ja, ciwon sukari ya kama Kawu. Ya taɓa idonsa, sannan ya sauka a hannuwa da ƙafafu, fata ta riƙa tsagewa tana ruwa. Likita ya ce ruwa kada ya ƙara taɓa wuraren, limamin masallacinmu ya ce to ya koma taimama, Allah bai ɗora wa bawa abin da zai cutar da shi ba.

Wanda bai zauna a Nima ba zai ce ai taimama abu ne mai sauƙi, ƙasa ce ko'ina. Ina ƙasar take? Gidanmu siminti ne daga bango zuwa bango, shi kuwa siminti malamanmu sun ce wuta ta taɓa shi, ba a yi a kansa. Yashin lungu kuma ruwan kwata ya bi ta kai, awaki sun bi, ba mai hankalin da zai shafa shi a fuska ya tsaya gaban Ubangiji. Ranar farko aka kira azahar muna ta dube-dube. Sai Mma ta jawo kujera ta hau, ta sauko da dutsen daga saman kabad, ta goge shi tas, ta ɗora masa a cinya ta gefen da yake a shafe. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe babban ɗa zai yi rana.

Daga ranar aikin ya zama nata. Ta ɗinka wa dutsen riga da farin ƙyalle. Da an kira salla za ta bar duk abin da take yi, ta wanke hannu, ta ɗauko, ta zare rigar, ta ɗora masa, ta tsaya har ya gama, ta mayar. Ba ta yarda wani ya yi ba, ko ni, ko 'yarsu guda ɗaya da Allah ya bar musu. Biki ko suna, in ta je, tsakanin salla da salla take yi ta dawo. Haka aka yi shekaru, kuma ban taɓa ganinsu cikin jituwa irin ta lokacin ba.

Sai ranar da surukin Kawu ya zo gaisuwar Babbar Salla. Mijin 'yarsu ne, ya yi karatun addini mai zurfi a waje, bai daɗe da dawowa ba. Zan yi masa adalci, mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, kuma yana son Kawu. Ya tarar an gama taimamar la'asar. Bayan salla Kawu ya ga sabon kunne, sai ya ɗora masa dutsen a hannu, ya ɗauko karatun tun daga farko. Ya kuwa nanata, da alfaharinsa, cewa wannan ba dutse ba ne irin na hanya, ma'adini ne, kaya ne da ake tonowa a sayar a tsallaka teku da shi.

Na ga lokacin da fuskar surukin ta sauya. Har gobe ina cewa da ya ja Liman gefe ya fara gaya masa, da ya fi. Amma tsoron Allah ya kama shi, ya ga in ya yi shiru magariba za ta zo a sake. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in haka ne akwai magana." Ya bayyana cewa a karatun da muke bi, dutse ko an ɗauko shi daga wani wuri ana taimama da shi. Amma ma'adini, irin su gishiri da kanwa da kwalli, ana yi a kansa ne yana wurinsa a ƙasa. In an ciro shi ya zama kaya a hannun mutane, ya fita daga hukuncin ƙasa.

Mma tana tsaye a bakin ƙofa da farar rigar dutsen a hannunta.

Da safe aka kira Liman. Sa'an Kawu ne, sun yi shekaru suna musu a kan komai, daga ganin wata har wanda ya fi iya yanka rago. Ya juya dutsen, ya jinjina shi, ya dubi Mma da ke rakuɓe, ya dubi Kawu. Na san ƙofa yake nema ya buɗe musu.

Ya ce, "Alhaji, ni dai idona dutse yake gani. In ka ce mini dutse ne, magana ta ƙare a nan."

Duk muka zuba wa Kawu ido. Ni har ƙafarsa na taɓa.

Ya ce, "Malam, tun kafin gemunka ya yi fari nake gaya wa duk wanda ya shigo ɗakin nan cewa ba dutse ba ne. Yau don ya yi mini daɗi sai in ce dutse ne? Ma'adini ne. Ciro shi aka yi, kuma 'yan'uwansa sayar da su aka yi."

Raina ya ɓaci, amma ko a lokacin na ji girmansa ya ƙaru a idona. Liman ya yi ajiyar zuciya ya ba da hukunci. Ya ce surukin bai yi ƙarya ba, haka karatunmu ya ce. Amma akwai manyan malamai da suka halatta taimama a kan duk abin da ya fito daga jikin ƙasa wanda wuta ba ta taɓa ba, kuma Kawu bai yi da gangan ba. Saboda haka abin da ya wuce ya wuce, babu ramuwa a kansa, daga yau dai a nemi dutse na gaskiya. Surukin bai jira an aike shi ba, ya hau mota har bakin kogi wajen Weija, ya dawo da wani farin dutse sumul. Kawu ya yi wa kowa godiya, muka ce an gama.

Ashe ba a gama ba. Washegari bayan ya sallame azahar, sai muka ga ya sake ɗaga hannu ya yi kabbara. Ya sallame, ya sake. Ramuwa ya fara, ta duk shekarun nan. Bayan kowace salla sai ya yi ta jerawa a zaune har kansa ya riƙa rinjaya. Liman ya dawo ya yi masa faɗa, Kawu ya ce ya ji, ya ci gaba da abinsa.

Ba wanda ya ce wa Mma ke ce. Kawu bai faɗa ba, bai ma yi tunaninsa ba. Amma duk kabbarar da ya ƙara, a kunnenta take sauka. Ta daina taɓa duk abin da ya shafi ibadarsa. Ba ta shimfiɗa masa darduma, ba ta miƙa masa carbi, sabon dutsen kuwa ko kallonsa ba ta yi, ni ko 'yarsu muke kaiwa. In aka kira salla sai ta shige kicin ta kama wankin abin da ba ya buƙatar wanki. Abinci ta daina ci sai ta taɓa ta ture. Zaninta ya fara zagaye ta sau biyu. Wata rana na matsa mata, sai ta ce mini, "Shekara da shekaru ina ɗauko masa ɓarna da hannuna, ina murna." Ta ce mutumin da ke bakin kabari, in aka ce sallarsa babu, me za ta ce wa Allah. Na kawo mata maganar Liman, ta ce in maganar Liman ta isa, me ya sa mai sallar yake ramawa.

Sai na shiga wurin Kawu. Na ce yau ba 'yar ƙanwarsa ce ta shigo ba, uwarsa ce, tunda shi ya ba ni sunan. Na gaya masa idonsa ba ya gani, to ni nawa yana gani, matarsa tana ƙarewa a tsaye. Na ce malami ya ba shi sauƙi ya ƙi karɓa, wannan ba tsoron Allah ba ne kaɗai, har da taurin kan da muka sani. Na faɗa da zafi, ban rage komai ba. Ya ce tsakaninsa da Ubangijinsa ne, in fita masa daga ɗaki. Tunda nake bai taɓa korata ba sai ranar. Na fita na bugo ƙofa, na je bayan gida na yi kukana.

A kwanakin da suka biyo bai fasa ramuwar ba. Amma na lura in an shigo da dutsen ya kan karkata kai yana sauraren tafiyar mai shigowa. Da abinci ya zo sai ya tambaya ko an ci a kicin.

Ranar da abin ya faru, ranar aiki ce kamar kowace. Aka kira la'asar, na ɗauko farin dutsen na kai masa. Ya naɗe hannuwansa a ƙirji.

Ya ce, "Ba ke ba."

Na gane. Na leƙa kicin na gaya wa Mma, ta ce hannunta ƙarnin kifi yake, a kai masa kawai. Na dawo na faɗa, ya ce zai jira. Masallaci ya tayar, aka sallame, muka ji mutane suna wucewa ta lungu. Kawu yana zaune. Wannan fa mutum ne da yake rufe teburinsa tun ladan bai gama kiran farko ba, ko da mai saye a tsaye. 'Yarsu ta durƙusa tana roƙonsa, bai kula ta ba. Rana ta sauka daga bangon maƙwabta, haskenta ya fara ja. Ni kaina sai da na ce yau na jawo abin da ya fi ƙarfina.

Can sai ga Mma a bakin ƙofa, fuska jiƙe. Ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, lokaci zai fita."

Ya ce, "To ki kawo."

Ta ce, "Hannun nan ne ya ɓata maka na baya."

Ya juya fuskarsa wajen muryarta. Ya ce, "Ke kika ɗauko, gaskiya ne. Amma duk Nima wa ya fi ni sanin abin da dutsen nan yake? Ni na ɗora hannuna a kai. In akwai tambaya a can, ni za a yi wa. Ramuwar nan na ɗauka da Ubangijina nake magana, ashe ke nake duka, ki yafe mini. Naki a ciki guda ɗaya ne, ba ki taɓa bari lokaci ya wuce ni ba. Yau za ki fara?"

Mma ta juya ta fita. Muka ji ƙarar buta. Ta dawo ta karɓi dutsen daga hannuna, ta riƙe shi da hannu biyu kamar tukunya mai zafi, hannun yana rawa, ta ɗora masa a cinya. Ya buga, ya shafa fuska, ya shafa hannuwa, ya yi la'asar ɗinsa rana tana gab da faɗuwa. Da ya sallame muka tsaya muna jiran kabbara ta biyu. Sai ya shafa addu'a, ya naɗe bakin darduma, ya tambaya me aka dafa.

Aka ce tuwo da miyar kifi. Ya ce a zubo musu a kwano ɗaya, shi da ita. Tunda na taso a gidan ban taɓa ganin sun ci a kwano ɗaya ba, mutanen da ne. Mma ta ce haba Alhaji, a gaban yara. Ya ce ai yaran suna da ƙafa. Muka fita muka ja musu labule. Da na koma ɗaukar kwanon, ko loma ba ta rage ba.

Bai ƙara ramuwa ba. Daga baya ya gaya wa Liman cewa sai ranar ya karɓi hukuncinsa, Liman ya ce ai dama bai taɓa karɓar magana ranar da aka faɗe ta ba. Surukin ma ya samu ya saki jiki, ya koma zuwa kullum yana sa masa magani a ciwo. Kawu ya ga ƙarshen damina, ya ga Mma ta mayar da jikinta, har ya ji ta tana yi masa tsiya kamar da.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, ka fi mu sanin abin da ya taho da shi. Ka karɓi wadda ya yi a kan baƙin dutse da wadda ya yi a kan fari, ka yafe masa taurin kansa, ka yalwata masa makwanci, ka saka masa abin da ya yi mini da wanda ya yi wa waɗanda ban sani ba. Ka ba Mma ƙarfin takaba, ka kyautata namu ƙarshen. Asubar ranar da ya rasu hannunsa ya riga ya daina ɗaguwa. Mma ce ta kawo dutsen, ita ta kama hannuwan ta ɗora a kai, kuma nata ba ya rawa.